Anthony Quinn: aikin da ke bayan kwarjinin da muka gani a allo

Duk wanda ya tashi a Kaduna a zamanin kaset ɗin bidiyo, daga Tudun Wada har Kawo, ya san fuskar nan ko da bai san sunan mai ita ba. Shi ne ya fito a matsayin Sayyidina Hamza (R.A.) a fim ɗin The Message, shi ne kuma Umar Mukhtar a Lion of the Desert. Har gobe akwai masu rantsuwa cewa Balarabe ne. Sunansa Anthony Quinn, an haife shi a garin Chihuahua na ƙasar Meziko ranar 21 ga Afrilu, 1915, ya girma a unguwannin talakawa na Los Angeles, bai ma samu takardar zama ɗan ƙasar Amurka ba sai 1947.

Idan ana hirarsa a majalisa, da kwarjini ake rufe zancen: Allah ne ya ba shi, shi ke nan. Ba na musun baiwa. Amma wannan amsar tana cutar da matasanmu masu son harkar fim, domin tana ɓoye musu cewa abin da suka gani aiki ne mai gaɓoɓi, ana iya warware shi a koya. Mutumin nan da zane ya fara tun kafin fim, da zane da sassaƙa kuma ya ƙare, kuma idon mai zanen yana nan cikin duk rawar kirki da ya taka.

Iyayensa sun tsallaka Amurka yana jariri, lokacin juyin juya halin Meziko. Sun fara zama a El Paso, daga baya suka wuce Los Angeles, inda uban ya samu aiki a wani kamfanin fim. Haɗarin mota ya kashe uban Quinn yana yaro, dole ya shiga neman na abinci: goge takalmi, tallan jarida, aikin mahauta, dambe, har da busa a ƙungiyar kiɗan coci. Duk da haka bai ajiye fensir ba. Burinsa ya zama mai zanen gine-gine, kuma zanen ne ya kai shi gaban Frank Lloyd Wright, babban mai zanen gine-ginen Amurka na wancan ƙarni. Wright ya lura maganar yaron ba ta fita sosai, ya nuna masa cewa mai zanen gini da ba ya iya shawo kan mai kuɗi da baki, zanensa a takarda zai tsufa. Aka yi masa aikin linzamin harshe, ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo don ya gyara lafazi. Daga nan bai koma ga gini ba.

Ya fara fitowa a fim a 1936. A shekarar ce Cecil B. DeMille ya sa shi a The Plainsman a matsayin jarumin ƙabilar Cheyenne, kuma a 1937 ya auri Katherine, 'yar riƙon DeMille. Mutum zai zaci surukuta da babban darakta ta buɗe masa ƙofa. Ba ta buɗe ba. Launin fatarsa da ƙirar fuskarsa suka sa Hollywood ta ajiye shi a gefe guda: yau ɗan ƙabilun asali na Amurka, gobe ɗan daba, jibi shehin Larabawa ko ɗan tawayen Filifin. Kafin 1947 ya yi fina-finai fiye da 50 a haka, kusan duk a bayan wani jarumi.

Waɗannan shekarun ne makarantarsa, kuma su ne ɗan wasan da ke gaggawar zama jarumi yake tsallakewa. Mai ƙaramar rawa ba a sake ɗauka dominsa, don haka dole ya iya abubuwan da ba a tafa wa. Ana manna masa alama a ƙasa inda zai tsaya, ya taka ta ba tare da ya dubi ƙasa ba. Idan kyamara ta matso fuska, iyakar wurin da hoto ke fita tas wani lokaci bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Ka goce taku rabi, idonka ya dushe, edita ya jefar da kai ya ɗauki fuskar abokin wasanka. Dole kuma abin da hannunka ya yi a ɗaukar nesa ya maimaita shi daidai a ɗaukar kusa. Ka ɗaga kofi da dama a kan wata kalma, a ta biyu ka ɗaga da hagu ko ka makara, ba za su haɗu wajen tacewa ba. Yawancin tsalle-tsallen hoto da muke gani a fina-finanmu muna zagin edita, daga nan suke.

Da ya ga ba ya gaba, sai ya koma wasan daɓe a 1947. Can ya karɓi rawar Stanley Kowalski a A Streetcar Named Desire, wadda Marlon Brando ya yi suna da ita, ya yi ta yawo da ita gari-gari. Darakta Elia Kazan ya haɗa shi da Brando a Viva Zapata! a 1952, Quinn ya fito a ɗan'uwan Zapata, jagoran juyin juya halin Meziko, ya ci kyautar Oscar ta mataimakin jarumi. Shi ne haifaffen Meziko na farko da ya ci ta a wasa.

Abin da ya yi bayan nan shi ya fi burge ni. Maimakon ya zauna jiran Hollywood ta ƙara masa daraja, ya tafi Italiya. A can ya yi La Strada na Federico Fellini a 1954, ya fito a Zampano, ƙaton mai wasan tsinka sarƙa da ƙirji a kasuwanni, mutum mai taurin zuciya da bai san yana son yarinyar da yake wulaƙantawa ba sai da ta mutu. Italiyawa a lokacin ba sa ɗaukar murya a lokeshan. Kowa ya yi magana da harshensa, Quinn da Turanci, yawancin sauran da Italiyanci, daga baya a ɗora murya a situdiyo, kuma a kwafin Italiyanci ba muryarsa ake ji ba. Ɗan wasan da ya san za a cire masa murya, me ya rage masa? Kafaɗa, wuya, yadda yake cin abinci, yadda yake zama a bakin babur. Ka kashe sautin fim ɗin ka kalla, za ka fahimci Zampano ba tare da kalma ɗaya ba. Masu ɗora muryar Hausa a kan fina-finan waje su ma akwai abin dubawa a nan: inda ido ke kama ƙarya shi ne inda leɓe ya rufe. Duk inda ɗan wasa ya haɗe leɓe, a nemi kalma mai b ko m ko ɓ ta faɗa wurin, kuma jimlar ta ƙare tare da numfashinsa. Idan an samu waɗannan biyu, mai kallo yakan yafe sauran.

A fim ɗin ne kuma ya yi asarar da ya daɗe yana ambata. An ba shi zaɓi tsakanin kaso daga ribar fim da kuɗin hannu, aka zaɓi kuɗin hannu. Fim ɗin ya zagaya duniya, ya ci Oscar ta fim ɗin harshen waje. Sai dai kada wani ya ɗauki wannan ya ce kaso ya fi a kowane hali. Kaso yana da amfani ne idan an rubuta daga ina za a cire shi, daga kuɗin da suka shigo ko daga abin da ya rage bayan furodusa ya cire ɗawainiya, kuma idan kana da ikon ganin lissafi. In babu waɗannan a takarda, karɓi kuɗinka.

Oscar ta biyu ta zo da Lust for Life na 1956, inda Kirk Douglas ya fito a mai zane Van Gogh, shi kuma a mai zane Paul Gauguin. Ana yawan cewa minti 8 kacal ya yi a fim ɗin. Waɗanda suka ƙirga sun samu ya haura minti 20. Ko ma dai nawa ne, ɗan lokaci ne a fim mai awa biyu, kuma mutumin da ya saba riƙe buroshi ne yake kwaikwayon mai riƙe buroshi. Fim ɗaya tak ya taɓa ba da umarni, The Buccaneer na 1958, bai karɓu ba, bai kuma sake ba.

A Lawrence of Arabia na 1962 ya fito a Auda Abu Tayi, shugaban ƙabilar Huwaitat, da hancin roba. Yadda ake irin wannan hancin ya kamata masu kwalliyarmu su sani. Ana ɗaukar siffar fuskar ɗan wasa da wani ƙullu mai saurin daskarewa, irin wanda likitocin haƙori ke amfani da shi, a bar masa ƙofar numfashi. A zuba filasta a ciki a fitar da fuskar dutse. A kanta ake gina sabon hancin da yumɓu, a yi masa mazubi, a zuba roba mai kumfa a gasa. Sirrin yana gefe: dole bakin robar ya sirance kamar fatar albasa, in ya yi kauri kyamara za ta nuna layi komai hodar da aka shafa. Ana liƙa shi da gam na fata bayan an goge maiƙon fuska, sannan a yi masa launi hawa-hawa, da ɗan ja-ja a ƙasa, domin launi ɗaya shimfiɗe yana fitowa kamar gawa. Maƙiyinsa gumi ne. A zafin hamada, ko zafin Kaduna na watan Maris, gumi na taruwa a ƙarƙashi ya ɗaga gefen, shi ya sa ake tanadar da yawa, domin cirewa kan yaga bakin. Wasan ya yi ƙarfi, amma zuriyar Auda ba su ji daɗin yadda aka nuna kakansu a matsayin mai kwaɗayin ganima ba, har suka kai ƙara. Ina ganin suna da hujja.

Sai Zorba the Greek a 1964, wanda aka ɗauka a tsibirin Kirit. Rawar ƙarshe a bakin teku, wadda duniya ta ɗauka tsohuwar al'adar Girkawa ce, don fim ɗin aka haɗa ta, kuma Quinn ya ce jan ƙafar da ake gani ya samo asali ne daga karayar da ya samu a ƙafa, ba ya iya tsalle. Fim ɗin ya ɗaga shi, ya kuma ɗaure shi. Shekaru bayan nan furodusoshi Zorba suke so: dariya mai ƙarfi, buɗe hannuwa, dukan ƙirji. Ya ba su, har ya yi yawa. Akwai fina-finansa na wannan zamanin da ba shi da abin da yake yi illa kwaikwayon kansa.

Mustapha Akkad, darakta ɗan Halab ta Siriya, shi ya fitar da shi daga wannan ramin. The Message ya fito a 1976, kuma yadda aka yi shi darasi ne. An fara ɗauka a Maroko, inda aka gina kwatancin Makka, matsin lamba ya sa aka tsaya, aka ƙarasa a Libiya. Fim biyu aka yi a lokaci ɗaya: na Turanci da na Larabci, wuri ɗaya, fitilu ɗaya, 'yan wasa daban. A gama fitowa da rukuni ɗaya, ɗayan ya shiga. Abdullahi Gais na Masar ne Hamza a na Larabci, Muna Wasif ce Hindu, inda Irene Papas ta yi ta a na Turanci. Wanda ke son koyon wasa ya nemi kwafin biyu ya jera fitowa ɗaya. Da wuya a samu wani wuri da za ka ga gwanaye biyu sun taka rawa ɗaya a ƙarƙashin haske ɗaya.

Babbar wahalar fim ɗin ita ce ba a nuna Manzon Allah (S.A.W.) ba, ba a kuma jin muryarsa, haka manyan halifofi huɗu. Idan ana magana da shi, kyamara ce ke tsayawa a wurin, wani ɗan kiɗa mai taushi ya shigo, wani sahabi ya maimaita abin da aka ce. Ke nan Quinn yana kallon gilashin kyamara kai tsaye, abin da aka hana ɗan wasa tun ranar farko, yana sauraron amsar da babu ita. Wurin da ake faɗuwa a irin wannan uku ne. Ido ya riƙa yawo saboda babu fuskar da zai kama. Ko a yi gaggawar amsawa, shirun bai kai tsawon maganar da ake cewa an yi ba. Ko kuma a cika gyaɗa kai don a nuna ana ji. Maganinsu shi ne ɗan wasa ya san ainihin jimlar da ake faɗa masa, ya karanta ta a zuci da saurin mai magana, ya bar fuskarsa ta sauya a kan wata kalma guda, ba a kan dukkan jimlar ba. Dubi inda Hamza ke neman izinin yaƙi kafin Badar. Mutumin da ya shigo fim a kan doki ya bugi Abu Jahal da baka, a nan muryarsa ta sauka, kafaɗarsa ta sauka. Ladabin da ke jikinsa shi ke sa mai kallo ya ji akwai wanda ake tsaye a gabansa. Malamai sun saɓa a kan fim ɗin tun lokacin, Azhar ta amince da rubutun, wasu manyan cibiyoyi suka ƙi, kuma wannan saɓanin bai mutu ba.

A Lion of the Desert ya ƙara ragewa. Yana da shekara sittin da 'yan kai ya fito a Umar Mukhtar, malamin Sanusiyya da ya shafe kimanin shekara 20 yana yaƙar Italiya a Jabal Akhdar ta Libiya, har suka rataye shi a Suluƙ ranar 16 ga Satumba, 1931. Oliver Reed ne Janar Graziani, Rod Steiger ne Mussolini, dukansu masu ɗaga murya. Quinn ya bar musu hayaniyar. Kayan aikinsa tabarau ne, da jinkirin juyowa, da murya ƙasa-ƙasa. Yana fara motsi da ido, kai ya biyo, jiki ya zo ƙarshe, kamar yadda tsoho mai ciwon gaɓɓai yake yi. Matasa idan an ba su rawar dattijo sukan ranƙwafa su riƙa kakkarwar murya, wanda ba ya gamsar da kowa. Tsufa a allo tattalin motsi ne: dattijo ba ya yin motsi biyu inda ɗaya zai isa. Fim ɗin ya ci kimanin dala miliyan 35, bai dawo da ko kusa da su ba a silima, Italiya ta hana nuna shi a 1982, sai 2009 aka saka shi a talabijin a can. A ƙasashen Musulmi kuwa kaset ya raya shi.

A irin waɗannan lokeshan na hamada, inda ake awoyi ana jiran a gyara fitila, yakan tsinci guntun itace ko dutse ya riƙa sassaƙa ƙananan siffofi. Daga baya ya fara mayar da su manya da dutsen mabul da tagulla, kuma a 1982 ya yi babban baje kolinsa na farko a Honolulu, aka saye kayan.

Girmama ƙaramin abu ba wasa ba ne. Abin da tsawonsa santimita 20 ne, in za a kai shi mita 2, tsawo ya ninka sau 10, amma jiki ya ninka sau 1,000. Kuskuren milimita 2 ya koma santimita 2, ido na ganinsa daga nesa. Mabul kuma mita ɗaya ta kowane ɓangare tana kai tan 2.7, don haka siririyar ƙafar da ta ɗauki itace ba za ta ɗauki dutse ba, sai an sake tsarin ko an bar mata madogara. Ana sa ɗigo-ɗigo a jikin ƙaramin, a auna kowanne daga wurare uku tsayayyu, a mayar da awon a kan dutsen, a fara da cizal mai tsini don zubar da manyan ɓarayi, a bi da mai haƙora, sannan mai faɗi, magagari, sai goga. Wanda ya sari mabul a miƙe maimakon a karkace, yakan ƙuje shi ta ciki, farin tabo ya fito wanda goga ba ta cirewa.

Tagulla kuwa zubi ce, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a Panteka ya ga ana zuba tukwanen alminiyam a cikin yashi ya san rabin zancen. Bambancin shi ne alminiyam na narkewa a digiri 660 na ma'aunin salshiyas, tagulla kuwa, wadda asalinta jan ƙarfe ne wajen kashi 90 da kuza wajen kashi 10, ana zuba ta a tsakanin 1,100 da 1,200. Siffa mai lunguna kuma ba ta fita daga yashi, sai ta hanyar kaki, wadda maƙeran Ife da Binin suka ƙware a kai ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ana yi wa aikin mazubin roba, a zuba narkakken kaki a juya har ya yi kaurin milimita 4 zuwa 5, ciki ya zama holoƙo. A liƙa masa sandunan kaki, wasu hanyar shigar ƙarfe, wasu hanyar fitar iska. A lulluɓe da ƙasa mai jure wuta hawa-hawa, kowane hawa ya bushe kafin na gaba. A gasa, kakin ya narke ya fita, a zuba ƙarfe a gurbinsa tun mazubin na da zafi. In akwai sauran danshi, tururi zai watso narkakken ƙarfe a jikin mutane. In hanyar iska ta yi kaɗan, a samu ramuka. In ƙarfen ya huce kafin ya kai lungu, yatsa ko kunne ya fito guntu. In wani wuri ya fi wani kauri sosai, mai kaurin ya makara wajen daskarewa ya shanye ya lotsa. Bayan an fasa, a yanke sandunan, a yi walda, a goge, a ba shi launi da sinadari da wuta. Maganar hukuncin sassaƙa siffar mai rai ta malamai ce, sun kuma yi ta, mai son aikin ya tambaye su. Hanyar zubin dai ita ce ta marikin ƙofa, kan takobi da allon suna, kuma ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da maƙeran Panteka suna da abin da za su koya wa juna a kai.

A ganina sassaƙarsa ta fi zanensa. A zanen fenti ana ganin inuwar Picasso da sauran waɗanda ya so ƙwarai, kuma ba na shakkar cewa sunansa na fim ya taimaka wa farashin. A dutse da itace kuwa hannunsa ne, siffofi masu lanƙwasa da santsi, da yawansu ba su damu da fitar da kamannin fuska ba, nauyi da tsayuwa suke bi, abin da ya yi da jikinsa a Zampano da Umar Mukhtar.

Bai daina fim ba. Ya koma daɓe da Zorba a 1983, ya fito a Jungle Fever na Spike Lee a 1991 da A Walk in the Clouds a 1995, ya rubuta tarihin rayuwarsa sau biyu, a 1972 da 1995, inda bai ɓoye zafin kishinsa da yadda ya wahalar da iyalinsa ba. Ya rasu a Boston ranar 3 ga Yuni, 2001, yana da shekara 86, aka binne shi a gidansa da ke Bristol a jihar Rhode Island. Fim ɗinsa na ƙarshe, Avenging Angelo tare da Sylvester Stallone, ya fito a 2002. Filin da gidansu na yarinta yake a gabashin Los Angeles yanzu ɗakin karatu ne na jama'a mai ɗauke da sunansa, kuma gidauniyar da aka kafa da sunansa tana ɗaukar nauyin 'yan sakandare masu koyon zane, kiɗa da wasan kwaikwayo.